Baƙin Ɗigo a Kwanar Marke

Kafin hantsi ya dubi ludayi, mutanen Marke sun riga sun gama shari'a, sun kama mai laifi, saura kawai a san wanda zai kawo fetur da wanda zai kawo ashana.

Inna Indo mai nono aka kashe. Tsohuwa ce da ta shekara arba'in tana ɗaukar ƙwaryarta da sassafe ta bi hanyar Gwarzo a ƙafa, ko kazar wani ba ta taɓa takawa ba. Mota ce ta kaɗe ta a kwanar da ke bayan gari. Wanda ya kawo gawarta ƙofar gidan Dagaci kuwa shi ne Malam Zakariya, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara goma sha tara yana koyar da 'ya'yan garin. A kujerar bayan motarsa ya kawo ta, rigarsa jina-jina, yana cewa a hanya ya tsince ta. To, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ga kuma motar tasa, tsohuwar 'yar Beljiyom mai shan gas, wadda ko makaho ya san ta wuce saboda hayaƙi. Mata kan kwashe shanya in sun ji ta tafe. Wani manomi ya rantse ya hango baƙin hayaƙi a kwanar bayan sallar asuba. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Dagaci ya kulle malamin a zaurensa, ya aika a kira Bappa Sajo.

Bappa Sajo mai bin sawu ne. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuwa ya zauna ya kama noma, amma idon kiwo bai bar shi ba. Daga Gude har Garo, in an sace sa, shi ake nema, ya bi sawu kwana biyu ya je ya tsaya a ƙofar ɓarawo ya yi sallama. Ba shi da yawan magana, kuma bai iya dariyar da ba ta zo ba.

"Bappa, na kira 'yan sanda a Kabo," in ji Dagaci, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ruwan jiya ya cika rafi, ba su da hanya sai ya janye. 'Yan'uwan marigayiyar na Madadi muke jira, jana'iza bayan azahar. Yanzu gawa na gabansu, kunya ta riƙe su. Da sun dawo daga maƙabarta, wallahi ba ni da igiyar ɗaure su. In shi ne, ka gaya mini. In ba shi ba ne, ka kawo mini wanda ya yi."

"Ranka ya daɗe, ni sawun shanu na sani."

"Yau ka san na mota."

*

Malam Zakariya na zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure, gilashin idonsa ya rasa ƙafa ɗaya. Matarsa Hanna na tsugune a bakin ƙofa ta waje, ta ƙi tashi tun safe. Da Sajo zai shiga ta kama bakin rigarsa.

"Baba, yarana biyu na kulle a ɗaki. Ba mu da inda za mu gudu, nan ne gidanmu."

Ya zare rigarsa a hankali ya shige.

"Malam, ina za ka da asuba?"

"Gwarzo, wajen Bot makanike. Sati biyu ke nan wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta mutu a tsaye. Ko na taka totur har ƙasa, jaki mai kaya sai ya wuce ni. Na ce in tafi da wuri kafin hanya ta cika."

"Fitilarka ta gaba a fashe take."

"Tun bara, Bappa. Ka duba, har tsatsa ta yi."

"Yaya ka same ta?"

"Wannan ne suka ƙi ji. Ba a tsakiyar hanya take ba. A gefe na same ta, an miƙar da ƙafafunta, an lulluɓe ta da mayafinta, fuskarta na kallon gabas. Na ɗauka da sauran numfashi, shi ya sa na ɗauko ta. Da na san abin da zai biyo baya…" Ya girgiza kai. "A'a. Da na sani ma sai na ɗauko ta. Ita ke kawo wa Hanna nono duk haihuwa."

Sajo ya dube shi ya daɗe. Ya ga maƙaryata da yawa a rayuwarsa, kuma duk sukan ƙara wa magana gishiri. Wannan tasa ba gishiri ba mai.

*

Kwanar kuwa mutane sun riga sun tattake ta kamar masussuka. Ɗan Adam in ya ji abin tashin hankali, ƙafarsa ce ke fara isa, hankalinsa sai daga baya. Sajo ya yi tsaki, ya kori 'yan kallo, ya tsugunna. Gabas ta fara haɗa hadari, kuma ya san yayyafi ɗaya ya isa ya shafe masa komai.

Sawun taya ya dagule, ba abin karantawa. Amma ƙasa ba ta iya riƙe sirri duka. A wuri guda ya ga baƙin gari ya bazu a kan ciyawa, busasshe kamar kunkunniyar madafa, ya hura ya tashi. Taku goma gaba, a tsakiyar hanya, ga wani baƙin daban: ɗigo-ɗigo ne a dunƙule wuri ɗaya, faɗin tafin hannu. Ya dangwala ya murza, ya ji maiƙo, ya shinshina ya ji ƙauri. Duk abin da ya zubar da wannan ya daɗe a tsaye a wurin.

Sai ya isa inda ƙwaryar ta fashe. Nono ya malala a ƙasa, tururuwa sun yi masa layi. Daga gefe ɗaya kuwa nonon ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, ga ɗan rami inda aka tsiyaya ruwa daga sama, ga zagayen gindin jarka a yashi. Ga kuma rabin sawun mutum, ya kewaye nonon maimakon ya ƙetare shi.

Sajo ya san wannan. A gidajen da suka tashi a bayan shanu, ba a ƙetare nonon da ya zube, ba a kuma barinsa haka, sai an bi shi da ruwa. Uwarsa ta mare shi a kan wannan yana yaro. Wanda ya kaɗe Inna Indo ya gyara mata kwanciya, ya yi wa nono ladabinsa, mota na kunne tana jira, sannan ya gudu. Malam Zakariya bai san wannan al'ada ba, ko a mafarki.

Sajo ya daɗe yana kallon rabin sawun nan, sannan ya kau da kai da saurin da bai saba ba. Ai gidajen Fulani a yankin sun fi ɗari, haka ya gaya wa kansa. Ya kifa ɓarin ƙwaryar a kan baƙin ɗigon, ya danne da dutse, ya ƙunshe kaɗan daga kowane baƙi a ganyen tumfafiya.

*

Motoci masu shan gas uku ne a Marke. Ta malamin, da a-kori-kurar Alhaji Abubakar Sadiq mai hatsi, da ta Muhsin, ɗan Sajo na cikinsa, wanda ke jigilar fasinja daga Gwarzo zuwa Kano. Ta Muhsin ba ta cikin lissafi, don kowa ya san ranar Talata a tashar Gwarzo yake kwana saboda ya kama layin farko, jiya kuwa Talata ce. Shi Sajo a ruga ya kwana wajen shanu, amma ya san tsarin ɗansa.

Don haka da zuciya ɗaya ya nufi gidan Alhaji, har yana fatan ya ga bamba a lotse, Allah ya yafe masa. Ya tarar da a-kori-kura a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

"Bappa, in wannan ce ta kaɗe mutum, to aljanu ne suka tuƙa ta," in ji Alhaji. "Kwana tara ina jiran giya daga Kano."

Sajo bai tsaya shan ruwa ba. Ya tari ɗan acaɓa ya ce Gwarzo, ya kuma ce kada ya tausaya wa babur ɗin.

*

Bot mutumin Filato ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya shekara ashirin a ƙarƙashin motocin Gwarzo har hannunsa ya daina wankuwa. Da ya ji abin da ke faruwa da malamin, sifana ta faɗi daga hannunsa.

Sajo ya buɗe ganyen biyu a kan benci. "Ni in na ga kashin saniya, na san abin da ta ci, na san ciwonta, na san ko ta wane garke ce. Mota fa?"

"Haka take, Baba. Hayaƙi shi ne kashinta." Bot ya taɓa busasshen. "Wannan ta Malam ce, ko da ido rufe. Akwai wani bawul a injin gas, aikinsa ya mayar da ɗan hayaƙi cikin inji a sake ƙona shi. In kunkunniya ta cika shi, sai ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa shaƙar hayaƙi maimakon iska. Gas ba ya ƙonewa sosai, sai baƙin gari ta baya, mota kuma ta rasa ƙarfi. Wata uku ina ce masa ya kawo, yana cewa sai an yi hutu."

Ya dangwali na biyun ya murza. Murmushin sana'a da ke fuskarsa ya ɗauke.

"A ina ka samo wannan? Ta baya, ko ƙarƙashin ciki?"

"Tsakiyar hanya, tsakanin tayoyi."

"To ba daga bakin salansa ya fito ba." Bot ya goge yatsansa a wando, ya sake gogewa. "Akwai tukunya a tsakiyar salansa mai tace hayaƙi. In ta toshe, gyaranta wahala, sai wasu su yanke ta su sayar wa masu sayen ƙarfe, mai walda ya liƙa musu bututu a madadinta. In waldar ta bar ƙofa, kuma inji na shan baƙin mai, to ta nan zai riƙa tofarwa. Ta Malam tukunyarta na nan, ni na san ta."

"Wa ya yanke tasa?"

"Ni ba na yankewa. Wanda ya zo mini da wannan, korarsa nake."

"Ban ce kai ka yanke ba. Wa ka kora?"

Bot ya dubi ƙasa, ya dubi titi, ya dubi ko'ina ban da fuskar dattijon. "Baba, ni baƙo ne. Baƙo raɓa ne. In na buɗe baki na kira sunan ɗan gari, gobe garejin nan toka ne. Zan bi ka in nuna wa kowa ba motar Malam ba ce. Sauran kuwa, don girman Allah, kada ka tambaye ni. Kai musamman."

Kalma biyun ƙarshen nan suka zauna wa Sajo a ƙirji kamar ya haɗiyi dutse. Da za su wuce tasha, bai juya ya dubi layin motocin Kano ba. Tsoro ne ya hana shi.

*

Sun iso ana shirin ɗaukar gawa. Bot ya nemi fararen buhunan taki biyu, ya shimfiɗa ɗaya a ƙarƙashin cikin motar malamin, ya sa aka riƙe ɗaya a bakin salansa, ya tayar da ita. Ta yi tari, ta yi aman hayaƙi har dattawa suka ja da baya suna toshe hanci. Da aka kashe ta, buhun baya ya yi baƙi ƙirin, busasshe. Na ƙarƙashi kuwa fari fat.

Sajo ya bayyana abin da ya gani a kwanar, ya ce duk mai shakka ya je ya ɗaga ƙwarya ya duba. Wasu dattawa suka fara gyaɗa kai.

Sai Tasi'u ya ratso taron. Shi ne autan Inna Indo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, kuma babu mai iya ganin laifinsa a ranar.

"Bappa, ina ganin girmanka. Amma uwata aka kashe, ka zo kana nuna mini buhu? Wannan makaniken ɗan'uwansa ne, cocinsu ɗaya, me kake so ya ce? Mu jini muka gani a motar nan. In wata mota ce, ina take? Ka kawo ta kafin mu dawo daga rufe ta. In ba ka kawo ba, wallahi ko kai ka tsaya a ƙofar nan sai mun bi ta kanka."

Aka ɗauki makara, gari ya bi. Hanna ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti.

Sajo ya ja Bot gefe. "Motar nan za ta iya gudu yau?"

"In na ciro bawul ɗin na wanke shi da kananzir, na canza matatar iska, na kashe mata fitilar gaban sitiyarin nan da na'ura, za ta yi. Awa ɗaya."

"Ba ka da awa ɗaya. Fara."

Sajo ya bar Bot ya riga ya kwance kusoshi, yana ƙwaƙulo baƙin ƙullutu daga wuyan inji da sukudireba, ya kama hanyar gida. Tafiyar da ba ta kai kiran sallah ba, amma ƙafafunsa suka yi masa nauyi kamar ya taso daga Kano.

*

A ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiya inda Muhsin ke ajiye mota, an barbaɗa toka an share. Matarsa Furera ba ta taɓa share wajen nan ba tun da ya aure ta. Ya tsugunna, ya kawar da tokar da gefen hannu. Ga shi nan, faɗin tafin hannu, ɗigo-ɗigo, da maiƙonsa. Ruwan jiya ya wanke duk wani tsohon tabo a garin. Wannan na safiyar yau ne, na mota da aka tayar aka bar ta ta yi zafi. Ashe ruwa ya hana yaron komawa Gwarzo, a gida ya kwana.

Watanni yana wuce baƙin nan kullum, bai taɓa tambayar kansa mene ne ba. Rabin sawun can kuwa, mai jan diddigen hagu, tun safe ya gane shi. Shi ya koya wa mai ƙafar tafiya.

Furera na tsaye a bakin zaure. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Ina yake?"

"Malam, don Allah…"

"Ina yake, Furera?"

"Yana rumbu. Motar na cikin dawa a bayan gida." Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. "Bai gan ta ba, wallahi bai gan ta ba. Ya makara ne yana sauri, gilashi ya yi hazo. Tun safe yake amai. Malam, shi kaɗai ne namiji da Allah ya bar mana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka ce ba ka gano ba. Sau nawa sawu ke ɓace maka a dutse? Wa zai ce ka yi ƙarya?"

"Malamin fa?"

"Ka fitar da shi ta baya, ya tafi garinsu. Ai yana da garinsu!"

Sajo ya rufe ido. Kuma kada a yi masa ƙarya, ya auna maganar. Mota na gyaruwa, hanyar Gwarzo a buɗe take, in malamin ya tsere kowa zai ce gudunsa ya tabbatar da laifinsa. Sai dai gidansa zai ci wuta, da yara biyu a kulle a ciki ko babu su. Bot ma ba zai kwana a Gwarzo ba. Inna Indo kuma za ta kwanta da ƙarya a kanta har tashin kiyama. Ya so ɗansa a wannan lokacin fiye da ranar da aka haife shi, kuma son bai nuna masa wata hanya ba.

Ya je ya buɗe rumbun. Muhsin na dunƙule a kan damin gero, saurayi mai shekara ashirin da shida ya koma kamar ɗan yaye.

"Baba, na tsaya. Na ɗaga ta, ta riga ta cika. Na yi niyyar kawo ta, sai na hango fitilar wata mota, sai tsoro…"

"Na sani. Na ga duk abin da ka yi."

"Za su kashe ni."

"Sai sun fara da ni. Tashi ka ɗauko makulli."

*

Suna isowa ƙofar Dagaci, masu jana'iza na dawowa, ƙasar kabari a ƙafafunsu. Tasi'u na gaba, a bayansa wani na riƙe da galan na fetur. Dagaci ya fito ya tsaya a bakin zaure shi kaɗai da sandarsa. An fito da malamin, ga Alhaji Abubakar Sadiq da aka kira shaida, ga Bot yana ɗaure kusar ƙarshe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Sai motar Muhsin ta shigo fili a hankali, Sajo na tafe a gabanta a ƙasa kamar mai jan sa zuwa kasuwa. Mutane suka dare, ba wanda ya fahimci komai tukuna.

Sajo ya ɗauki farin buhun da ya rage, ya durƙusa da kansa ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin cikin motar ɗansa. Ya miƙe ya harɗe hannu a baya. Inji na ta ɗiri, fili ya yi tsit, har aka fara jin ƙarar ɗigon a kan buhu, ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga ya isa, ya jawo buhun ya ɗaga shi sama ya juya shi kowane ɓangare. Ya kwance ganyen tumfafiya ya ajiye a gefensa.

"Tasi'u, ka ce in kawo maka mota. Ga ta." Ya nuna ta da hannu. "Malam Zakariya bai taɓa mahaifiyarka ba sai da alheri. Wanda ya kaɗe ta ɗana ne, Muhsin. Bai yi da gangan ba, amma ya gudu ya bar wani da jininta. Shekara talatin ina kai ku ƙofar ɓarayinku, yau sawu ya kawo ni tawa."

Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Tasi'u ya tsaya baki buɗe, don da Muhsin suka yi wasan ƙasa. Amma taro ba shi da aboki. Wutar da aka hura tun safe ba ta damu da irin itacen da za ta ci ba. Daga baya wani ya ɗaga murya, dutse na farko ya fasa gilashin motar, Muhsin ya faɗo waje yana kare kai. Sajo ya rungume shi ya juya wa taron baya. Dutse na biyu a kafaɗarsa ya sauka. Dagaci na ta ɗaga sanda yana kiran sunayen mutane ɗaya-ɗaya, na gaba suna jin kunya suna tsayawa, na baya suna turowa.

A cikin hayaniyar nan wani inji ya tashi, lafiyayye, ba tari. Motar malamin ta yo baya da sauri ta shiga tsakanin taron da uban da ɗansa. Malam Zakariya ne a sitiyari, da kumburarren leɓensa da karyayyen gilashinsa. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar baya, inda jinin tsohuwar bai gama bushewa ba.

"Shigo da shi, Bappa! 'Yan sandan Gwarzo za mu, can hanya ba ruwa. Ya kwanta a ƙasan kujera."

Sajo ya tsaya yana kallonsa. "Malam, yaron nan ne ya bari aka…"

"Ni na koya masa lissafi a aji huɗu. Shigo! Ka zauna ta wajen taga, kai in sun ga fuskarka hannunsu zai yi sanyi."

Sajo ya tura ɗansa ciki, ya shiga ya ja ƙofa. Ya sauke gilashi har ƙasa, ya fito da fuskarsa waje yadda duk mai dutse a hannu zai gan ta sosai, ya dafa kan Muhsin da ɗaya hannun. Malamin ya taka totur, motar ta zabura.

Sun wuce ƙofar gidan Sajo, Furera na tsaye ba mayafi. Ta dubi mijinta ta taga, shi ma ya dube ta, ta juya ta shige gida ta rufe ƙofa.